Masassaƙan da suka yi wa busassun furanni mazauni

A Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa tun ƙarni na 15, har gobe kayan sassaƙa na da masu nema. Hannun da ya gaji sassaƙa turmi da akushi shi ne yanzu ke fitar da tulunan itace masu siririn wuya, waɗanda ake jera busassun furanni a ciki don ƙawata falo.

Aikin yana farawa ne daga zaɓen itace. Ƙirya tana da tauri, gara ba ta cinta da sauƙi. Maɗaci kuma yana ba da jan launi mai ɗaukar ido. Gwanin masassaƙi ba ya taɓa ɗanyen gungume sai ya sha iska a inuwa, domin in aka yi gaggawa, hunturu na zuwa zai tsage shi. Daga nan sai gizago ya fitar da siffa, a rarake cikin a hankali, a goge har ya yi santsi. Wasu kan zana ado da ƙarfe mai zafi, sannan su shafe shi da man kaɗanya.

Tulun itace ba ya shiri da ruwa, shi ya sa busasshen fure ya fi dacewa da shi. Har zangarniyar gero ma tana zama daram a ciki.

Ba a Kano kaɗai ake samun masu irin wannan fasaha ba. A Yamai ma, gidan tarihi na Boubou Hama ya ware wa masu sana'ar hannu wurin aiki, inda baƙi ke tsayawa su kalli aikin kafin su yi ciniki.