Ƙasa Ta Dawo Yayi: Nazari a Kan Ginin Hikma na Dandaji

A shekarar 2022, lokacin da aka bai wa Francis Kéré na Burkina Faso lambar yabo ta Pritzker, wadda ita ce mafi daraja a fagen zanen gine-gine, masana suka yi ta shelar cewa ginin ƙasa ya dawo. Kalmar dawowa tana ɗaure wa mutumin Daura ko Damagaram kai, domin a wurinsa ƙasa ba ta taɓa yin ƙaura ba. Abin da ya guje ta shi ne mai kuɗi, sai kuma talaka da ya bi sawunsa da bulo da kwano ko da kuwa ɗakin zai zame masa tanderu a watan Afrilu. Saboda haka abin tambaya shi ne wa wannan yayi yake yi wa aiki, kuma babu inda ya fi dacewa a auna shi kamar Dandaji, wani gari na Hausawa a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar.

A can ne aka kammala cibiyar Hikma a 2018, aikin Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, 'yar Iran. Mutanen gari sun so a rushe tsohon masallacin Juma'arsu na ƙasa, wanda ya fara lalacewa kuma ya yi musu kaɗan, a gina sabo. Masu zanen suka kawo wata shawara: a gina sabon a gefe, mai ɗaukar mutum kamar 1,000, tsohon kuwa a gyara shi ya zama ɗakin karatu. Sunan cibiyar ma an aro shi ne daga Baitul Hikma na Bagadaza, inda ilimin addini da na duniya suka zauna inuwa ɗaya.

Wannan shawara ita ce mafi girman nasarar aikin, ta fi duk wata ƙawa da ke jikin bangon. Tsohon masallacin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya samu lambar Aga Khan a 1986. Da an sa masa diga, da an yi asarar bakan gizo da ɗaurin guga irin waɗanda ba a koyon su a jami'a, sai dai a bayan ubangida, ana miƙa masa tubali. Mun ga yadda aka yi a wasu wuraren. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ya tsira ne a cikin cikin wani gini na kankare da aka lulluɓe shi da shi, tamkar tsohon da aka killace a ƙuryar gida don kada baƙi su gan shi. A Dandaji an bar tsohon a fili, aka ba shi sabuwar sana'a, aka kuma gayyato maginan da suka san shi tun asali su sa hannu a gyaransa. Ga wani alheri da ba a cika ambata ba: mata da yara, waɗanda da ba su da dalilin shiga harabar, yanzu littafi ya ba su dalili.

Sabon masallacin da bulon jar ƙasa aka yi shi, wanda ake matsewa da inji, ƙasar kuma daga kusa da garin aka haƙo ta. Hikimar a bayyane take. Bango mai kauri na ƙasa yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakin sa sai dare ya yi, lokacin da iska ta yi sanyi. Rufi mai tsawo kuma yana bai wa zazzafar iska hanyar tashi. Wanda ya taɓa yin ƙailula a soron kakansa ba ya bukatar injiniya ya fassara masa wannan.

Amma akwai abin dubawa. Bulon inji ba tubali ba ne. Tubali hannu ke mulmula shi, kowane mai ƙarfi a gari zai iya koya, kuma gayya ɗaya ta isa a tara dubu. Bulon inji yana bukatar injin, sau da yawa yana bukatar ɗan siminti don ya jure ruwa, yana kuma bukatar wanda ya san awo. Ya rage wahalar yaɓe kafin kowace damina, wadda ita ce babbar hujjar masu gudun ƙasa, kuma ba ƙaramar hujja ba ce ga garin da samarinsa suke tafiya cin rani. Sai dai ya ɗauke wani kaso na iko daga hannun Sarkin Magina ya miƙa wa mai takardar shaida. Abin dariya, babbar lambar da aikin ya samu tun kafin a gama shi daga gidauniyar LafargeHolcim ta fito, wato kamfanin siminti ne ya yaba wa ginin ƙasa.

Sannan ga maganar ado. Ginin Hausa na Kano da Zariya da unguwar Birni ta Damagaram bai san kunyar ado ba: zankwaye a kan kusurwa, zanen dagi a goshin zaure, makuba tana sheƙi. Sabon masallacin Dandaji ya zaɓi kamewa, layuka miƙaƙƙu da bango wanda haske da inuwa kaɗai suke yi wa kwalliya. Yana da kwarjini, babu musu, kuma natsuwarsa ta dace da wurin ibada. Duk da haka ina zargin cewa wannan kamewa ta fi kusa da ɗanɗanon mujallun Turai, waɗanda suke son Afirka cikin launin ƙasa tsantsa, fiye da idon Bahaushiyar da take jera kwanonin tasa har rufi.

Ko da hakan, laifin nan ƙarami ne idan aka dubi abin da ake kira komawa ga al'ada a biranenmu. A nan sai a yi gini na bulo da gilashi mai fuskantar yamma, a sa silin roba da tayil mai santsi, a ɗora zanko na siminti a saman katanga, a manna dagin Arewa a ƙofa, a ce an girmama gado. An ɗauki fatar an bar naman. Zaure, wanda yake tsare sirrin gida yana kuma karɓar baƙo, ya koma wurin ajiye mota. Tsakar gida, inda iska take juyawa, an rufe ta da kwano. In wuta ta ɗauke, mai gida da iyalinsa sai su fito waje da tabarma. Hikma ta bi ta ɗaya hanyar: ta rage ado, ta riƙe aikin da bango yake yi.

Jarrabawar da ta rage ba a hoto za a ci ta ba. Kamara ta gwada irin wannan bulo a gidajen Niamey 2000 da aka gama a 2016, don masu matsakaicin hali na birni, waɗanda su ne suka fi kowa ƙyamar a ce gidansu na ƙasa ne. Ranar da ɗan kasuwar Tawa ko Katsina ya dawo daga Makka da kuɗin siminti a aljihu, ya ce shi bulon jar ƙasa yake so, za a san ko yayin ya sauko daga dandalin bayar da lambobi ya shiga unguwa.