Jiki da Ilmi a Cikin "Wa Zai Auri Jahila?"

Galibin masu sharhi sun ɗauki wannan littafi na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito cikin 1990, labarin auren dole ne kurum. Lalle akwai wannan, amma maganar ta fi haka zurfi. Abu, yarinyar da aka fitar daga makaranta, maza biyu ne suka yi mata kuɗi kamar haja. Sarkin Noma ya ga ƙuruciya ya taya, ɗan'uwanta Ahmadu kuwa ya ga ba ilmi ya fasa. Ba wanda ya tambayi abin da ke ranta.

Illar irin wannan kallo ba ta tsaya ga littattafai ba. Cikin 1998 Barbara Fredrickson da abokan aikinta suka gwada ɗalibai a Amurka. Aka sa waɗansu mata suka saka kayan iyo, waɗansu rigar sanyi, kowace ita kaɗai gaban madubi, sa'an nan aka ba su lissafi. Masu kayan iyo suka kasa sauran, alhali ba mai ganinsu. Watau in mace ta saba duban kanta da idon wani, hankalinta rabuwa biyu yake yi, karatu ya sami ragowa. Malaman makarantun horon 'yan mata su lura da wannan.

Inda nake ƙorafi shi ne sunan littafin. Ko da gatse ne, tambayar ta jingina ilmi ga samun miji, har mai karatu ya iya zaton aikin jinyar da Abu ta koya wani sabon ado ne da zai ƙara mata farashi.