Majigin Zare da Majigin Kwamfuta

Samarin Ƙofar Kware a Sakkwato sukan ce majigin dā ya mutu, ba a kuwa yi hasara ba. Lalle suna da hujja. Majigin dā zaren fim yake ja, hoto 24 kowace daƙiƙa. Yau da gobe zaren yakan ƙarje, har ya tsinke ana tsakiyar kallo. Na kwamfuta kuwa ko sau dubu aka haska, hotonsa ba ya dushewa.

Amma fa a dubi Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka tsinci zarensa a Ikko, aka gyara da kwamfuta, aka nuna a birnin Balin na Jamus a 2018. Watau shekara 40 bai hallaka ba. Faifan kwamfuta in ya sha irin wannan sakaci, da wuya ya buɗu.

Ashe sabon majigi ya fi wajen nuni, zare ya fi wajen ajiya. Wanda ya yar da zare ya yar da asalin da za a koma wa.