Sharhi a kan "kwararowar hamada" da wasu keɓaɓɓun kalmomin ilimin muhalli

Daga cikin keɓaɓɓun kalmomin ilimin muhalli da suka yaɗu a Hausa bayan farin shekarun 1968 zuwa 1974, da wuya a sami wadda ta karɓu kamar "kwararowar hamada", wadda wasu ke cewa "gurgusowar hamada". Gidajen rediyo sun riƙe ta, masu fassara sun gaje ta, har ta zama ita ce ake sawa duk inda Faransanci ya ce désertification. Tana da daɗi a baki, kuma duk Bahaushen da ya ji ta zai ga hoton abin a zuciyarsa nan take. Sai dai hoton da take zanawa ya saɓa wa abin da masana ke nufi, kuma wannan saɓani ya shafi mai shirya littafin yaƙi da jahilci kai tsaye.

A fara da ginin kalmar. "Kwararo" aikatau ne mai ƙarewa da wasalin -o, wato aji na 6 a rabon da Parsons ya yi wa aikatan Hausa a 1960. Aikatan wannan aji suna nuna aikin da ya faro daga nesa ya nufo wajen mai magana, kamar fito, shigo, gangaro. Ke nan wanda ya ce "hamada tana kwararowa" ya faɗi abu biyu: hamada ce mai aikatawa, kuma daga wani wuri take tahowa. Manomi da gatarinsa, makiyayi da garkensa, mai saran itace da amalankensa, duk ba su da gurbi a jimlar. Matsayinsu na mai jiran ambaliya ne kawai. Kalmar Faransancin kuwa tana nufin mayar da wuri hamada, ko komawarsa hamada a inda yake. (Ita kanta "hamada", a Larabcin da aka aro ta, sunan fili ne mai duwatsu, abin da ba ya kwarara ko kaɗan. Amma ma'anar aro takan sauya, ba a kama ta da wannan laifi ba.)

Ra'ayin da kalmar ke ɗauke da shi tsoho ne, kuma a wannan yanki aka fara gwada shi. A 1935 wani masanin gandun daji na Ingila, Stebbing, ya yi rubutu cewa Sahara na matsowa kudu tana barazana ga ƙasashen Hausa da Barno. Saboda haka gwamnatocin mulkin mallaka biyu suka tura kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa, wanda ya bi iyakar Nijar da Nijeriya a 1936 da 1937, bai kuwa tarar da wata shaida ta matsowar Sahara gaba ɗaya ba; ɓarnar da ya gani ta wurare ce, kuma da hannun mutum a ciki. Aubréville, wanda ke cikin wannan kwamiti, shi ne ya yaɗa kalmar désertification a littafinsa na 1949, kuma yankuna masu wadatar ruwan sama yake magana a kansu, inda sara da gobarar daji suka tsiraita ƙasa. Daga baya hotunan tauraron ɗan'adam da aka buga nazarinsu a 1991 suka nuna cewa gefen Sahara na kudu ya sauko fiye da kilomita 200 tsakanin 1980 da 1984, sa'an nan ya koma arewa kimanin kilomita 100 da damina ta kyautatu a 1985. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1994 ta tsayar da ma'anar a kan lalacewar ƙasa a yankuna masu ƙarancin ruwa, sakamakon sauye-sauyen yanayi da ayyukan mutane. Wato dai Hausa ta riƙe fassarar ra'ayin 1935, alhali masu ilimin sun daɗe da barinsa.

Ba a ce kalmar ba ta da wurin zama ba. A wajen Gure da Maine-Sorowa, inda tuddan rairayi ke tafiya da iska suna binne kwaruruka da dabino, "kwararowar rairayi" gaskiya ce da ido ke gani. Kuskuren shi ne a ɗauki sunan wannan al'amari guda a lulluɓe da shi duk abin da ke samun gonakin Maraɗi da duwatsun Adar.

Abin mamaki, harshen bai rasa kalmomi ba. Masu fassara ne ba su neme su inda suke ba. Manomin Gobir ko na Katsinar Maraɗi yana rarrabe jigawa mai rairayi da saukin noma, da geza mai tauri wadda ta ci sunan itacen da ke fitowa a kanta, da fadama mai laka da damshi. Yana da fako, ko hwako a bakin mutanen yamma, wato wurin da samansa ya daskare, ruwa ya bi ta kai ya wuce, ko ciyawa ba ta tsira. Yana cewa "ƙasa ta gaji" idan amfani ya ragu kuma gaugai ya yawaita a gindin hatsi, ya ce "ta mutu" idan abin ya kai maƙura. Waɗannan kalmomi matakai ne, kuma kowane mataki na tafe da maganinsa a cikin tunanin mai faɗarsa: gajiyayyar gona a ba ta taki ko a bar ta ta zama maiso ta huta, fako kuwa a fasa shi. Wannan shi ne abin da "kwararowar hamada" ba ta iya yi, domin ba a yi wa abin da ke tahowa daga arewa taki.

Ayyukan da suka yi nasara bayan taron ƙasa na Maraɗi na watan Mayun 1984 sun tabbatar da haka ta fuskar suna. Ramukan da manoman Illela suka inganta bayan ziyarar da wasunsu suka kai Yatenga a Burkina Faso a 1989 ana ce musu tassa, kuma a kan fako ake haƙa su. Demi-lune ta zama "rabin wata" ba tare da gardama ba. Mafi kyau duka shi ne "sassabin zamani", sunan da aka ba dabarar barin tohon sabara da kalgo da gawo a gona ana yi musu aski, wadda ta bunƙasa daga Maraɗi tun wajen 1984, har aka ƙiyasta ta kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Faransanci na buƙatar kalmomi uku masu nauyi, régénération naturelle assistée, kafin ya faɗe ta. Hausa ta ɗauki aikin da kowane manomi ya sani, sassabe, ta ce ga sabon salonsa. Wanda ya ji sunan ya san wane ne zai yi aikin, da wane makami, a wane lokaci na shekara.

Sauran kalmomin ba su kai wannan haɗari ba, ko da yake suna da rauninsu. "Muhalli" asalinsa mazauni ne, shi ya sa mai sauraro kan ɗauka maganar gidaje ake yi, amma amfani ya fara faɗaɗa shi. "Yanayi" kuwa an ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa: shi ne climat, shi ne temps, shi ne kuma halin da mutum ke ciki, har "sauyin yanayi" na iya zama shigowar hunturu kawai.

Mai neman madadin "kwararowar hamada" zai fara tunanin "lalacewar ƙasa", wadda ta dace da ma'anar 1994. Matsalarta ita ce "ƙasa" na nufin turɓaya, na kuma nufin Jamhuriya, kuma a kan allon ajin manya jimlar na iya komawa zancen siyasa. "Lalacewar ƙasar noma da kiwo" ta kauce wa wannan, sai dai ta yi tsawo. Ga littafin matakin farko, zai fi amfani a bar kalma guda mai haɗa komi, a koyar da gajiyar ƙasa, zaizaya, fako da kwararowar rairayi kowace da darasinta, bayan an bincika yadda ake faɗarsu a Adar, Arewa, Gobir da Damagaram, tun da ba lalle ne abin da Maraɗi ke kira geza ya zama shi ne gezar Tawa ba.