Jere ba «objets de luxe» ba ne: gyara ga wata fassara

A rubuce-rubucen Faransanci kan kayan ɗakin amarya a ƙasar Hausa, sau da yawa mukan tarar an fassara «jere» da «objets de luxe». Muna ganin wannan fassara ta kauce, kuma kuskuren na ma'auni ne.

Bari mu ɗauki misali daga Turai. Masu tara tsofaffin kayan tarihi suna sayen abin cire toshiyar kwalbar giya, wanda Faransawa ke kira tire-bouchon, da tsada mai yawa. Tun 1795 Samuel Henshall ya yi rajistar irin nasa a Ingila. Darajar kowane guda tana ga maƙerinsa, da shekarunsa, da abin da aka yi mariƙinsa da shi: azurfa ko hauren giwa. Abu guda ake dubawa, shi kaɗai.

A Matameye ba haka lissafin yake ba. Ƴan kallon ɗaki ba su ɗaukar kwano guda su tambayi ƙarfensa. Suna duban yawa, da dacewar launi, da tsawon jeren, su kuma gane hannun uwa da na dangi da na ƙawayen biki. Kalmar kanta ta faɗi haka, domin daga aikatau «jera» ta fito: sunan tsari ne. Shi ya sa jere ya tashi daga ƙorai da akusa ya koma tasoshi, sannan kwanukan fenti da ake shigowa da su daga Kano ta Daura da Ɗan Barto, sannan tangaran da gilashi, sunan bai motsa ba. Ko «kwano» bai ɗauke da wata daraja a cikinsa. Da shi muke kiran rufin ɗaki.

Littafin Barbara Cooper kan aure a Maraɗi (1997) ya kama wannan, don ya ɗauki kayan aure a matsayin shaidar jama'ar da mace take da ita. Amma na tarihi ne, kuma da Ingilishi. Ɗalibanmu ƙamus suke buɗewa.

Illar ba ta tsaya ga takarda ba. Mai bincike da ya zo da ma'aunin «luxe» zai ɗauki tasar tagulla ɗaya ya bar kwanukan fenti, alhali su ne jeren. Muna ba da shawara a bar kalmar yadda take a rubutun Faransanci, a bi ta da bayani: wa ya kawo, guda nawa, a wane layi aka ɗora.