Shinge a Idon Ɗan Ƙodago: Nazari a Kan Waƙoƙin John Clare

A cikin waƙoƙin Turanci da suka ɗauki gona da zaman ƙauye a matsayin jigo, wadda ta fi shahara a kan batun iyaka ita ce "Mending Wall" ta Robert Frost, mawaƙin Amurka, wadda ta fito a littafinsa na 1914. Maƙwabta biyu ne suke haɗuwa kowace shekara su gyara katangar duwatsun da ta raba gonakinsu. Ɗaya yana tambayar amfaninta tunda babu shanu a wurin, ɗayan yana nanata karin maganar da ya gada daga mahaifinsa. Waƙar tana da zurfi, sai dai gardamar ƙosassu ce: ko katangar ta tsaya ko ta zube, kowannensu zai wayi gari da filinsa.

Wanda yake son jin muryar mutumin da shinge ya bari a waje, sai ya koma Ingila wajen John Clare. An haife shi a 1793 a ƙauyen Helpston, ɗan ƙodago ne kamar mahaifinsa. A 1809 majalisar dokoki ta zartar da dokar killace filayen ƙauyen, aikin ya kammala wajen 1820. Kafin nan akwai hurumi na kowa da kowa, inda talaka yake kiwon saniyarsa ya kuma yi itace. Da dokar ta kankama, aka yanka filin aka raba wa masu ƙasa, aka dasa ƙaya, aka toshe hanyoyin ƙafa. Bahaushen da ya taɓa ganin an nome burtali, ko an yanka makiyayar gari an sayar fuloti-fuloti, ba ya buƙatar tafinta a nan.

A waƙarsa "The Mores", Clare ya fara da fili fetal wanda ido ba ya iske ƙarshensa sai inda ya haɗu da sama, sannan ya tsuke shi a gaban mai karatu har ya koma 'yan fegi-fegi da allunan hana wucewa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne zubin rubutun. Clare kusan ba ya sa aya ko waƙafi, ɗango yana kwarara cikin ɗango kamar garken da bai san iyaka ba. Mawallafinsa, John Taylor, ya sha sa wa waƙoƙin da ya buga masa alamomin rubutu, yana kuma sauya kalmomin karin harshen ƙauye. Wani ubangidansa, Lord Radstock, ya matsa sai da aka cire baitocin da suka zargi masu dukiya daga littafinsa na farko na 1820. Ke nan har a kan takarda an kafa masa danga.

A "The Lament of Swordy Well" kuwa salon mutuntarwa ya yi amfani da shi. Filin ne da kansa yake magana, yana kuka irin na matalaucin da aka tatse ƙarfinsa aka yar. Mawaƙin ya ƙi raba wahalar ƙasa da ta mai nomanta, domin hannu ɗaya ne ya dami su biyun. Hannun Clare ma bai fita ba: neman abin sawa a baka ya sa shi shiga ayarin 'yan ƙodagon da suke kafa shingayen. Ina ganin daga nan ɗacin waƙoƙin ya samo asali.

Ba za a rasa abin suka ba. Clare yana cakuɗa kewar yarintarsa da kewar hurumin, har mai karatu ya zaci babu yunwa a Helpston kafin 1809, alhali talaucin gidansu ya girmi dokar. Kuma ƙayar da ya tsine wa ta girma ta zama mafakar tsuntsaye, waɗanda ba a yi mawaƙin Ingila da ya kai shi lura da sheƙunansu ba. A 1997 hukuma ta kafa ƙa'idar kare irin waɗannan shingaye daga masu tumɓuke su. Shi kuwa ya rasu a 1864 a asibitin masu taɓin hankali na Northampton, bayan zaman fiye da shekara ashirin, ba tare da ya ga an buga ko ɗaya daga waƙoƙin nan biyu ba.