Igiya, Karta da Ƙullin Hannu: Nazarin Wasannin Haɗa Kai a Sansanonin Matasa

Ɗalibai goma ne a tsaye a da'ira, kafaɗa da kafaɗa, babu wanda ya wuce shekara 17. Mai jagorantar wasa ya ce kowa ya miƙa hannun dama ya kama hannun wanda ke fuskantarsa, sannan ya miƙa na hagu ya kama na wani daban. Hannuwa suka cakuɗe a tsakiya. Abin da ake so shi ne su warware kansu su koma da'ira ba tare da kowa ya saki hannu ba. Daga nan sai durƙuso da tsallake: wannan ya kutsa ta ƙarƙashin hammatar wancan, wata ta ɗaga ƙafa ta haye gwiwar hannun wani, mai dogon wuya yana ta ba da umarnin da ba mai saurare. Wannan wasa na ƙullin hannu ya zama ruwan dare a shirye-shiryen da ke tara 'yan sakandare daga ƙasashe da addinai daban-daban don koya musu shugabanci, kuma galibi a ranar farko ake yin sa, tun kafin yaran su gama riƙe sunayen juna.

Masu shirya irin wannan taro suna ɗaukar wasa a matsayin fili na kowa da kowa, inda Balarabe da Bayahude, ko ɗan Kano da ɗan Ohio, za su ajiye al'adunsu a bakin ƙofa su shigo daidai wa daida. A nan na saba da su. Wasannin nan suna da uwa da uba, suna da garin haihuwa, kuma yaron da ya tashi a garin yana shiga fili da rabin nasara a aljihunsa.

Asalinsu yana komawa ga Kurt Hahn, malamin makaranta Bayahude ɗan Jamus, wanda gwamnatin Hitler ta tsare a 1933, ya yi ƙaura zuwa Birtaniya, ya kafa makarantar Gordonstoun a Scotland a 1934. A 1941, ana tsakiyar yaƙi, shi da wani mai jiragen ruwa, Lawrence Holt, suka buɗe Outward Bound a gaɓar tekun Wales don horar da samari matuƙan jirgi su iya jure wuya. A 1962 aka buɗe Atlantic College, ta farko a jerin makarantun United World Colleges, inda 'yan ƙasashe da yawa ke karatun shekaru biyu na ƙarshen sakandare tare. Ɗaliban Atlantic College na wancan zamani ba wasa suke yi da igiya ba. Kwale-kwalen ceto suke tuƙawa, suna fita teku idan wani ya shiga haɗari. Wanda ke riƙe da igiya a irin wannan hali ba ya buƙatar a yi masa lacca a kan amana. Wannan tunani ya iso mu ma da wuri: a 1951 wani mai suna Alec Dickson ya jagoranci cibiyar horo a Man O' War Bay, kusa da garin Victoria da ake kira Limbe a yau a Kamaru, kuma daga ita ne aka samu cibiyar koyar da kishin ƙasa da shugabanci mai makaranta a duwatsun Shere kusa da Jos. Duk wanda ya haura bango da igiya a sansanin masu yi wa ƙasa hidima, 'yan Man O' War suna daka masa tsawa, jikan Hahn ne ko bai sani ba.

Teku da dutse suna da tsada, ga haɗari. Shi ya sa a 1971 aka fara Project Adventure a wata sakandare a jihar Massachusetts ta Amurka, da nufin shigo da abin cikin harabar makaranta. Karl Rohnke, ɗaya daga cikin malamanta na farko, ya tattara irin waɗannan wasanni cikin littattafai, kamar Silver Bullets na 1984, kuma daga irinsu ne wasannin suka bazu duniya: mutum ya juya baya ya saki jiki ya faɗa hannun abokansa, ƙungiya ta tsallakar da kowa ta ramukan wata saƙar igiya ba tare da an taɓa zare ba, a ɗaure wa ɗaya ido wani ya ja shi da murya kawai. Haɗarin ya zama na ƙarya, buƙatar juna ma ta zama ta kwaikwayo. Abin da aka cike giɓin da shi shi ne zaman tattaunawa bayan wasa, inda ake zama a ƙasa a tambayi kowa yadda ya ji a ransa, da wanda ya ja ragama, da wanda aka danne.

To a nan ne al'adar garin haihuwa take fitowa fili. A 2003 shirin Kennedy-Lugar YES, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002 bayan harin 11 ga Satumba, ya fara kai 'yan sakandare daga ƙasashe masu Musulmi da yawa su yi shekara guda a Amurka, kuma Najeriya da Ghana da Kamaru suna cikin ƙasashen da suka aika ɗalibai. A ɗauki yarinya da ta tashi a gidan da ba a gaisawa da namiji hannu da hannu, a tsayar da ita cikin wancan ƙulli. Ana neman ta kama hannun samari biyu, ta kutsa ta ƙarƙashin na uku. Bayan nan a zaunar da ita, babban mutum da ya haife ta ya ce ta kira shi da sunansa na yanka, ta dube shi ido cikin ido, ta faɗi abin da ke zuciyarta a gaban baƙi talatin. Duk abin da aka yi shekara goma sha biyar ana koya mata a matsayin tarbiyya, kunya da kawaici da sunkuyar da kai gaban manya, a wannan fili sunansa rashin ƙarfin gwiwa. Yaron da ya fi kowa ɗaga murya kuwa, wanda a wani gidan za a ce masa marar ta-ido, shi ake rubutawa a takarda cewa yana da halin shugabanci. Ba a ma zo kan Turanci ba, wanda da shi ake ba da umarni, da shi ake barkwanci, da shi ake tattaunawar ƙarshe.

Project Adventure ta san da wani ɓangare na matsalar, har ta kafa ƙa'ida cewa kowa shi zai zaɓi iyakar abin da zai shiga, ba dole. Ƙa'ida ce mai kyau a takarda. Amma 'yar shekara sha shida da ta koma gefe ta naɗe hannu ita kaɗai a ranar farko ta riga ta biya kuɗin zaɓinta, kuma kowa ya ga farashin. Malamin da ya san aikinsa ba ya jira a kai nan. Yakan raba gajerun igiyoyi ko ƙyallaye tun farko, kowa ya riƙe bakin igiya maimakon hannu, ƙulli ya ƙullu yadda ake so ba tare da an ware kowa ba.

Wasan da na fi ganin girmansa shi ne wanda ya mai da wannan matsala ita ce darasin. Sunansa Barnga, kuma Sivasailam Thiagarajan, masanin horarwa ɗan asalin Indiya, shi ya ƙirƙiro shi a 1980, ya ba shi sunan wani gari a Laberiya inda ya yi aiki. Ana zaunar da mutane huɗu-huɗu ko biyar-biyar a tebura, kowane tebur da karta da takardar dokoki. Su karanta, su ɗan gwada, sai a kwashe takardun a hana magana kwata-kwata. Bayan 'yan mintuna wanda ya ci ya matsa tebur na gaba, wanda aka cinye ya koma na baya. Abin da ba su sani ba shi ne dokokin sun ɗan sha bamban. A wannan tebur mai lamba ɗaya ita ce babba, a wancan ita ce ƙarama. Nan wani iri ne ke cin sauran, can wani ne daban. Sai baƙo ya jefa kartarsa ya miƙa hannu zai kwashe, ɗan gida ya dafe. A zuba wa juna ido. Wani ya buga tebur da yatsa, wata ta kaɗa kai ta sakar masa don a zauna lafiya, wani ya tabbata a ransa cewa ya faɗo cikin 'yan maguɗi. Abu na ƙarshe da ke zuwa wa mutum a rai shi ne cewa abokin karawarsa gaskiya yake bi, dokarsa ce kawai daban. Idan aka buɗe baki aka fallasa sirrin, dariyar da ake yi tana da kunya a ciki, kuma yaro ba ya saurin manta ta. Barnga ba ya ba wa mai baki fifiko tunda an rufe bakin kowa, ba ya kuma neman a taɓa jiki. Duk da haka shi ma bai kuɓuta ba, don ɗalibin da ya tashi yana jin karta da caca abu ɗaya ne zai yi ɗari-ɗari kafin ya ɗauka.

Su kuma wasannin gasa, hujjarsu tana wurin wani mai bincike, Muzafer Sherif. A 1954 ya kai yara maza 22 wani daji mai suna Robbers Cave a Oklahoma, ya raba su gida biyu, ya haɗa su gasa har suka kai ga ƙona tuta da kai wa juna samame. Cin abinci wuri ɗaya bai sasanta su ba. Abin da ya yi aiki shi ne matsalar da ta fi ƙarfin gida ɗaya: ruwan sansani ya ɗauke, motar abinci ta ƙi tashi sai da duka suka ja ta da igiya. Manoman da suka san gayya ba za su yi mamaki ba. Sai dai yaran Sherif duk fararen fata ne 'yan ɗarika ɗaya, ba jini a tsakaninsu, ba gona, ba kabari. Gabar da aka ƙulla cikin mako ɗaya aka warware, kuma ma'aikatansa ne suka toshe ruwan da hannunsu.

Inda aka gwada abin a kan gaba ta gaske shi ne Seeds of Peace, sansanin da ɗan jarida John Wallach ya kafa a 1993, mai mazauni a Otisfield a jihar Maine. Rukunin farko, matasa 46 'yan Isra'ila da Falasɗinu da Masar, sun halarci sa hannu kan yarjejeniyar Oslo a fadar White House a watan Satumba na shekarar. Ana yin kimanin mako uku, kowa cikin koriyar riga, ana kwana ɗaki ɗaya, ana zaman tattaunawa mai zafi kowace rana, ana hawa igiyoyi a sama inda wanda aka koya maka ka ji tsoronsa shi ne tsaninka. A kwanakin ƙarshe a raba sansanin gida biyu, kore da shuɗi, kowane gida a gauraye, a yi gasa a komai. Dabarar a bayyane take: a ba yaro sabuwar ƙabila ta kwana biyu ko uku wadda za ta haɗa shi da abokin gabarsa.

Juliana Schroeder da Jane Risen na Jami'ar Chicago sun bi sawun 'yan sansanin. Sun ga ra'ayin kowane ɓangare game da ɗayan yana gyaruwa zuwa ranar rabuwa, sannan ya dusashe bayan watanni da komawa gida, kuma waɗanda suka yi aboki na kusa ko da guda ɗaya daga ɗaya ɓangaren su ne suka fi riƙe abin da suka samu. Aboki ɗaya riba ce, amma ba ta kai abin da ƙasidun neman tallafi ke alkawartawa ba. A watan Oktoba na 2000 'yan sandan Isra'ila suka harbe Asel Asleh, wani ɗan sansanin mai shekara 17, a garinsu Arraba, yana sanye da koriyar rigar sansanin. Falasɗinawa da dama suna sukar irin waɗannan shirye-shirye da cewa suna daidaita yara a filin wasa alhali ba daidai suke ba a shingen bincike, kuma ban ga wasan da ya amsa wannan suka ba.

Binciken Salma Mousa da mujallar Science ta buga a 2020 ya ƙara nuna iyakar abin. A arewacin Iraƙi aka sa 'yan ƙwallo Musulmi cikin ƙungiyoyin Kiristocin da ISIS ta raba da gidajensu. Kiristocin da suka buga tare da Musulmi sun fi yarda su ci gaba da atisaye da su, sun fi zaɓen Musulmi don kyautar ladabi a fili. Amma batun zuwa cin abinci a Mosul, ko halartar taron da baƙin Musulmi za su zo, bai canza ba. Amanar ta tsaya a kan abokin wasa.

A Kaduna ma Alexandra Scacco da Shana Warren sun yi nasu gwajin, wanda aka buga a 2018. Samari Musulmi da Kirista suka yi mako 16 suna koyon kwamfuta, wasu a aji gauraye, wasu a aji na 'yan addini ɗaya. Ra'ayinsu game da juna bai motsa ba. Da aka zo rabon kuɗi a wani gwaji, 'yan ajin gauraye sun fi yin adalci ga ɗan wani addini fiye da 'yan ajin addini ɗaya, kuma bambancin ya samo asali ne daga cewa zama da naka zalla yana ƙara maka son kai ga naka. Wannan ya shafi kowane malami mai riƙe da usur. Wasan haɗa kai yana haɗa duk waɗanda aka tsayar wuri ɗaya, bai damu da ko su waye ba. Idan malami ya gaji ya ce, "To yara, ku raba kanku gida huɗu," cikin minti ɗaya masu Larabci sun koma ƙarƙashin wata bishiya, masu Hausa wata, 'yan gari wata, kuma waɗannan gidajen ne igiya da gasa za su yi mako uku suna ƙara wa ƙarfi.